Kwana Biyu a Kan Ƙanƙara: Guguwar Ƙarshen Maris ta 1914 da Mafarautan Newfoundland

A ƙarshen watan Maris na 1914, guguwa ɗaya tak ta ci mutum 251 'yan tsibirin Newfoundland, can arewa maso gabashin nahiyar Amurka ta Arewa. Mutum 173 daga ciki teku ce ta haɗiye su tare da jirginsu, babu wanda ya ga yadda aka yi. Sauran 78 kuwa sanyi ne ya yi ajalinsu, bayan sun kwana biyu a kan ƙanƙarar da ta rufe teku, alhali ga jiragen ruwa kewaye da su, wasu har ana hango hayaƙinsu. Duk tsawon wannan lokaci ba a fita nemansu ba, don babu wanda ya san sun ɓata. Kyaftin ɗinsu yana zaton suna jirgin mahaifinsa, mahaifin kuma yana zaton sun koma jirgin ɗansa.

Ƙasar da sana'arta

A wancan zamani Newfoundland ba ta shiga Kanada ba tukuna, sai a 1949 ta shiga. Ƙasa ce mai gwamnatin kanta a ƙarƙashin sarautar Birtaniya, mutanenta ba su kai 250,000 ba, yawancinsu masunta ne a ƙananan ƙauyukan bakin teku. Kifin da suke kamawa da rani su busar, bashin ɗan kasuwa yake tafiya biya: shi ya ba ka gari da gishiri da taru, shi ne kuma zai yanka wa kifin farashi. Kuɗi a hannu sai wanda ya dace da gurbi a jirgin farautar sil da ake fita a watan Maris.

Sil dabbar teku ce mai shayarwa, jikinta mulmul da kitse, kusan kamar ayun da ake samu a kogin Binuwai. Kowace shekara, daga ƙarshen Fabrairu zuwa cikin Maris, dubun dubatarsu ke hawa kan ƙanƙarar da ruwan Labrador ke turowa daga arewa, su haihu a can. Jaririn yana zuwa da farin gashi, nonon uwar kuma maiƙo ne sosai, kafin mako biyu ya yi ɓulɓul. Wannan kitse da fatar su ake nema: kitsen a narka a yi man sabulu da na injuna, fatar a jeme. Kwanakin farautar 'yan kaɗan ne. Da jariran sun soma shiga ruwa, kasuwa ta watse. Shi ya sa kowane kyaftin ke lissafa yini guda da mutanensa suka yi a zaune a matsayin asara.

Ba albashi ake biyan mafarauta ba, kaso ne. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin abin da jirgi ya kamo shi ake raba musu, bayan an cire bashin kayan da kamfani ya ba su kafin tashi. Jirgin da ya dawo fayau, mutanensa sun yi wahalar banza, wani ma da bashi zai koma gida. Duk da haka rububin gurbin ake yi. Kayan aikin mutum ba su da yawa: sanda mai ƙugiya a kai, igiyar jan fatu, wuƙar fiɗa, sai 'yar jaka mai busasshen burodi da ɗan gari da zabibi. Tafiyar kuma ba a kan shimfiɗaɗɗen fili ake yin ta ba. Ƙanƙarar teku falale-falale ce, wasu faffaɗa, wasu da ƙyar za su ɗauki mutum biyu, suna hawa suna sauka da motsin ruwa, mutum yana tsalle daga wannan zuwa wancan. In ƙafa ta kuskure, sai cikin ruwan da ke gab da daskarewa.

Guguwar da kowa ya san tana zuwa

A lissafin kalanda, ƙarshen Maris hunturu ya wuce. A tekun Newfoundland kuwa lokacin ne ruwa ya fi sanyi, ƙanƙara kuma ta fi yaɗuwa kudu. Kusa da tsibirin ne ruwa biyu ke karo: na Labrador mai sanyi daga arewa, da mai ɗumi da ke tasowa daga mashigin tekun Meksiko. Guguwowin da ke haɗuwa a gabashin gaɓar Amurka suna bin wannan iyaka zuwa arewa maso gabas, bambancin ɗumi da sanyin nan kuma shi ke ƙara musu ƙarfi.

Yadda guguwar ke zuwa daki-daki shi ne mugun abu. Da farko iska takan taso daga kudu maso gabas, mai laima, ba ta da sanyi sosai, tana ɗauke da dusar ƙanƙara. Sau da yawa dusar takan koma ruwan sama. In cibiyar guguwar ta wuce, sai iska ta juya ta fito daga arewa ko arewa maso yamma, da ƙarfi, sanyi ya sauko farat ɗaya. Mutumin da ke fili ta fara jiƙa shi sharkaf, sannan ta daskarar da shi cikin kayansa.

Mutanen wurin sun san wannan sarai. Har suna da sunan da suke kiran guguwar da kan biyo bayan bikin Waliyi Patrick na 17 ga Maris, Sheila's Brush, masunta kuma ba su cika sakin jiki ba sai ta wuce. A Maris na 1898 ma irin wannan guguwa ta rutsa da mafarautan jirgin Greenland a kan ƙanƙara, mutum 48 suka mutu. Ashe abin da ya zo a 1914 ba baƙon abu ba ne.

Jirage biyu, uba da ɗa

Jirgin da ke ɗauke da sunan tsibirin, wato Newfoundland, tsohon jirgin katako ne da aka ƙera a 1872, mallakar kamfanin Harvey. Kyaftin ɗinsa Westbury Kean, wanda ake kira Wes, shekarunsa 29. Mahaifinsa Abram Kean, haifaffen 1855, shi ke jan Stephano, sabon jirgin ƙarfe na kamfanin Bowring. A duk ƙasar babu kyaftin ɗin da ya kai Abram suna a wannan sana'a, har wasu jiragen bin hayaƙinsa kawai suke yi, don an san inda ya nufa akwai sil. Wani ɗansa, Joe, shi ke jan Florizel. Kamfanonin Wes da na mahaifinsa kishiyoyin juna ne, amma uba da ɗa sun yi yarjejeniya tsakaninsu: in Abram ya tarar da sil, zai ɗaga sandar lodin kaya ta jirginsa, alama ke nan.

Sun koma ga wannan alama ta kurame ne saboda jirgin Wes ba shi da na'urar wayar iska. Da yana da ita. Masu jirgin ne suka cire kafin a fita, bisa lissafin cewa kuɗin da take ci ba ya dawowa a yawan fatu. Abin mamaki, a birnin St. John's, hedikwatar ƙasar, a kan tudun Signal Hill, Marconi, Ba'italiyan da ya yi fice wajen ƙera na'urar, ya karɓi saƙon wayar iska na farko da ya tsallako tekun Atlantika a Disamba 1901. Tashar Cape Race ta wannan tsibiri kuma tana cikin waɗanda suka ji kukan neman agajin Titanic a 1912. Babu wanda zai ce 'yan kasuwar St. John's ba su san amfanin na'urar ba.

Tun fitowarsa jirgin Wes yake fama. Jiragen ƙarfe suna keta ƙanƙara su wuce, shi kuwa na katako ya maƙale, fatun da ya tara ɗaruruwa ne kaɗan, kwanaki kuma suna tafiya. Ranar Litinin 30 ga Maris aka hango sandar Stephano a ɗage.

Talata, 31 ga Maris

Da ƙarfe 7 na safe Wes ya tura mutum 166 su taka zuwa Stephano, a ƙarƙashin mataimakinsa George Tuff. Shi Tuff yana saurayi ya tsira daga bala'in Greenland na 1898, don haka ya san abin da ƙanƙara ke yi. Gari ya waye da ɗumi-ɗumi, babu iska, har da yawa suka bar manyan rigunansu da na ruwa a jirgi don su ji sauƙin tafiya. Daga baya Wes ya ce shi ya gaya wa Tuff su kwana a jirgin mahaifinsa. Tuff ya ce shi bai ji wannan magana ba.

Tazarar mil 5 zuwa 7 ce, amma a kan ƙanƙara mai tudu da kwari. Wajen ƙarfe 10, mutum 34 suka dubi sama, ba su ji daɗin abin da suka gani ba, suka juya. 'Yan uwansu suka bi su da gori, ana kiransu matsorata, da suka isa jirgi kuma kyaftin ya yi musu faɗa. Sauran 132 suka ci gaba, suka isa Stephano wajen 11:30, bayan tafiyar awa huɗu da rabi. Dusa ta riga ta soma sauka.

Aka ba su shayi da busasshen burodi. Suna cikin sha, Abram ya ja jirgin zuwa wajen da ya ce akwai sil, wajen tsakar rana ya ce su sauka, su kashe 1,500, sannan su koma jirginsu. Shi yana da nasa mutanen a warwatse a wani gefen, yana sauri ya je ya kwaso su. Hutun da baƙin suka samu bai kai rabin awa ba. Da yawansu sun sauka suna zaton nan za su dawo su kwana, sai da Stephano ya juya ya ɓace cikin dusa suka ji cewa jirginsu za su nufa.

Ba a yi awa guda ba Tuff ya ga farauta ba za ta yiwu ba, ya ce a kama hanyar gida. Iska ta ƙaru, dusa ta rufe ido. Suka yi sa'a suka faɗa kan sawunsu na safe, suka bi shi, amma dusa tana ta binne shi, falalen kuma suna gocewa da motsin ruwa, sawu ya yanke nan ya ɓullo can. Wani daga cikinsu ya gaza, tafiya ta ragu. Da yamma suka ji jiniyar jirginsu. Wani ma'aikacin jirgin ne hankalinsa bai kwanta ba, ya nemi izini ya busa, Wes ya ce ya busa in yana so, ko da yake shi bai ga dalili ba tunda mutanen suna wajen mahaifinsa. Aka busa sau biyu aka bari. Mutanen da ke kan ƙanƙara suka yi ta ihu, suna kasa kunne su ji ta uku su gane gefen da za su bi. Ba ta zo ba. Duhu ya rufe, sawu ya ɓace.

A can Stephano ma an yi ta busa jiniya na ɗan lokaci da daddare, da ba a ga kowa ba Abram ya yanke cewa sun isa jirgin ɗansa. Ba shi da hanyar tambaya.

Dare biyu

Mutanen suka rabu rukuni-rukuni a kan falale, suka sassaro ƙanƙara suka gina katanga ta tare musu iskar kudu maso gabas. Suka farfasa sandunansu, suka haɗa da igiya suka hura wuta, ba ta daɗe ba ta mutu. Cikin dare dusa ta koma ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kowa ya jiƙe har fata. Bayan tsakar dare iska ta juya arewa. Katangar da suka sha wahalar ginawa ta koma tana tare gefen da babu iska, tufafinsu suka ƙandare a jikinsu.

Jiƙaƙƙen tufafi ba ya riƙe ɗumi, iska kuma tana kwashe ɗan abin da jiki ya samar. Da farko mutum yana karkarwa. In sanyi ya kai ciki, karkarwa ta tsaya, hankali ya soma gushewa, barci mai daɗi ya taso, wanda kuma ya kwanta ba ya tashi. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin mutanen da suka riƙa ganin jirgi ko gidajensu a gabansu, suka miƙe suka nufi wurin, suka faɗa ruwa. Wasu sun mutu a durƙushe suna addu'a, wasu a tsaye.

Maganin kawai shi ne kada a tsaya. Wani mafarauci mai suna Jesse Collins ya zame wa rukuninsa shugaba ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Ya sa su zagaye suna tafiya, ya sa su kwaikwayi jan ƙugiyar kifi don hannuwa su motsa, yana dukan wanda ya ga zai zauna. Ƙanƙara tana daskarewa a gashin idon mutane har su kasa gani, hannuwa kuma sun mutu ba sa iya cirewa, sai ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya yana gutsure ta da haƙora, har leɓunansa suka daskare. Wani saurayi, Cecil Mouland, ya yi ta taunar taba don kada fuskarsa ta sandare.

Reuben Crewe, mutumin ƙauyen Elliston, ya taɓa tsira daga nutsewar wani jirgin farauta a 1911, ya kuma bar sana'ar. Ɗansa Albert John mai shekara 16 ne ya nace sai ya je a wannan shekara, uban ya bi shi don ya kula da shi. An tsinci gawarsu a daskare, uban ya rungume ɗan.

Laraba da rana sama ta ɗan washe, ko da yake iska ba ta sassauta ba. Sai ga jirgin Bellaventure a 'yar tazara. Arthur Mouland, ɗaya daga cikin shugabannin rukuni, ya ɗauki masu sauran ƙarfi suka nufe shi, ya hau tudun ƙanƙara yana ɗaga hannu. Jirgin ya juya ya yi gaba. Ba mugunta ba ce. Ganin mutane a kan ƙanƙara a filin farauta ba abin lura ba ne ga wanda ba a gaya masa an yi ɓata ba. A ganina wannan sa'a ta fi kowace ciwo a labarin, domin saƙo guda ɗaya da safiyar Laraba ya isa ya sa kowane jirgi a wurin ya sa ido. Dare na biyu ya fi na farko sanyi, ga yunwa, ga yanke ƙauna.

Da gari ya waye ranar Alhamis 2 ga Afrilu, Wes ya hau gangar leƙe da ke can ƙololuwar jirginsa, ya sa madubin hangen nesa, ya ga wasu 'yan mutane suna tangaɗi suna nufo shi. Nan take ya gane. Ya ɗaga alamar neman agaji, Abram ya aiko a ji ko lafiya, a lokacin ne uba da ɗa suka san abin da kowannensu ya zata ba haka ba ne. Wayar iskar Stephano ta baza labari, mutanen Bellaventure, ƙarƙashin Kyaftin Robert Randell, suka bazu kan ƙanƙara da abinci da barguna. An yi kusan kwana biyu tun saukarsu daga Stephano.

Cikin 132, mutum 77 sun mutu a wurin, 55 aka kwaso da rai, ɗaya ya cika daga baya a asibiti. Wasu gawarwakin sai da aka sare su daga jikin ƙanƙara. An samu 69, sauran 8 teku ta tafi da su. Ranar Asabar 4 ga Afrilu Bellaventure ya shigo St. John's da su jibge a kan jirgi, aka kai su masaukin ma'aikatan jiragen ruwa na birnin, aka sa su a ruwan ɗumi su saki kafin 'yan uwa su iya gane nasu. Da dama daga cikin masu rai an yanke musu yatsu ko ƙafafu. Farauta kuwa ba a dakatar ba, yawancin jiragen suka ci gaba da abin da ya kai su.

Laifin wa?

An kafa hukumar bincike ta alƙalai uku. Biyu daga ciki suka ce Abram Kean ya yi kuskuren hukunci da ya sauke mutanen, suka kuma ɗora wa Tuff nasa kason. Na ukun ya ce ƙaddara ce daga Allah, babu mai laifi. Ba a gurfanar da kowa ba.

Hujjar Abram ita ce bai ga alamar babbar guguwa ba, dusar kuma ya ɗauka mai wucewa ce, sannan ya sauke su a inda komawa jirginsu ba za ta yi wuya ba. An yi jayayya sosai a gaban hukumar kan ainihin inda ya sauke su, domin shaidar mafarautan ta nuna wurin ya fi nisa da yadda ya ce. Ko an bar wannan jayayya, lissafin bai fita ba. Mutanen da suka yi awa huɗu da rabi suna tafiya da safe, cikin haske, ba iska, an sauke su da tsakar rana, an ce su yi gaba su kashe sil 1,500, su feɗe, sannan su sake yin tafiyar da ta kai ta safe kafin duhu, dusa kuma tana zuba. Ko da sama ta yi tas, da ƙyar ne. Mutumin da ya shekara da shekaru a wannan teku ba zai kasa yin wannan lissafi ba in da ya tsaya ya yi shi. Bai tsaya ba, don hankalinsa yana kan nasa mutanen da nasa fatun, waɗannan kuwa 'yan wani kamfani ne da ya yi wa alfarmar shayi.

Sha'anin Tuff ya fi wuyar yanke hukunci. Yana tsaye kusa da Abram lokacin da aka ba da umarnin, yana ganin dusa, ya kuma taɓa kwana a kan ƙanƙara yana kallon mutane suna mutuwa. Kalma ɗaya ta rage ya faɗa: a bar mu mu kwana a nan. Bai faɗa ba. Sai dai mai zarginsa ya tuna wane ne shi, wane ne kuma Abram Kean. Masunci ne talaka daga ƙauye, gurbinsa na baɗi yana hannun iyalan Kean, a gabansa kuma ga mutumin da duk ƙasar ta yarda ba ya kuskure a kan ƙanƙara. A irin wannan jirgi bin na gaba bin Allah ne, ba a saba jin ƙaramin ma'aikaci ya ce wa kyaftin "anya kuwa?" ba. Tsarin da ya hana Tuff buɗe baki shi ne ya sa aka yi wa mutum 34 ɗin nan gori, alhali su kaɗai suka karanta sama daidai a ranar. Ba su da wani ilimi da sauran ba su da shi. Da yawa cikin 132 sun ga alamun da suka gani. Bambancin kawai, su sun yarda a kira su matsorata, su kuma yi kasadar rasa gurbi.

Wes kuma laifinsa na sakankancewa ne. Ya tabbatar wa kansa mahaifinsa ba zai taɓa sakin mutane cikin irin wannan yanayi ba, har ya ga busa jiniya ɓata tururi ne. Ga mutum 34 sun dawo suna cewa sama ba ta yi kyau ba, ga ma'aikacinsa ya zo da damuwa, duk bai sa ya ce a yi ta busawa har safe ba, abin da ba zai ci masa komai ba. Mutanen suna kusa har suna jin ta.

Duk waɗannan kurakurai na mutane ne, irin waɗanda ake yi kullum a wuce lafiya. Abin da ya mai da su kisa shi ne babu hanyar gyara su. Da Wes yana da wayar iska, tambaya ɗaya da yammacin Talata ta wadatar, jirage masu ƙarfi kuma suna kusa. Ko da an makara a daren farko, da ba a yi na biyu ba. Wanda ya cire na'urar yana zaune a ofis a St. John's, ya duba littafin kuɗi ya ga ba ta kawo fata ko ɗaya. Gaskiya ne ba ta kawowa. Doka kuma ba ta tilasta masa ajiye ta ba, don haka a gaban shari'a bai yi laifin komai ba.

Jirgin da ba a gani ba

Mutum 173 ɗin da aka ambata da farko suna cikin Southern Cross ne, tsohon jirgin katako da ya taɓa kai masu bincike yankin Antatika tsakanin 1898 da 1900. Shi a mashigin St. Lawrence, yamma da tsibirin, ya yi farautarsa, ta kuma yi kyau, ya taso maƙil da fatu ƙarƙashin Kyaftin George Clarke. Ranar 31 ga Maris wani jirgin gaɓa mai suna Portia ya gan shi kusa da Cape Pine, a kudancin tsibirin, yana keta guguwar bai nemi mafaka ba. Ganin ƙarshe ke nan. Shi ma ba shi da wayar iska.

Jirgin da ya fara isa St. John's da kaya yana samun suna da yabo, mutane da yawa kuma sun ɗauka wannan ne ya hana shi fakewa. An kuma yi zargin lodi ya yi yawa, ko kayan sun goce gefe guda da igiyar ruwa ta buge shi. Tunda babu wanda ya tsira, babu gawa, babu shaida, binciken bai kai ga wani tabbaci ba. Mamatansa sun ninka na kan ƙanƙara fiye da sau biyu, amma labarinsu bai kai rabin na waɗancan yaɗuwa ba, don babu wanda ya dawo ya ba da shi.

Abin da ya biyo baya

William Coaker, shugaban ƙungiyar masunta ta ƙasar, yana cikin jirgin Nascopie a filin farautar a wannan shekara. Da ya dawo ya tasa Abram Kean a gaba a jaridar ƙungiyar, dubban mutane suka sa hannu a takardar neman a kama shi. Kamfanin Bowring bai saurara ba, da shekara ta zagayo ya sake ba shi jirgi.

Dokoki dai sun canza. Aka wajabta wa kowane jirgin farauta wayar iska. Dokar 1916 ta hana barin mafarauta a kan ƙanƙara bayan duhu, ta tilasta ɗaukar rokokin ba da alama, ta kuma hana jirgi dawowa da fatu fiye da 35,000, wannan saboda Southern Cross. Kafin nan hankalin ƙasar ya riga ya koma wani wuri. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agusta na 1914, a watan Oktoba kuma Florizel, ɗaya daga cikin jiragen da suka kwaso gawarwaki a kan ƙanƙara, ya ɗauki rukunin farko na sojojin Newfoundland zuwa Ingila. Stephano kuwa jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin ruwa ya nutsar da shi kusa da gaɓar Amurka a Oktoba 1916.

A 2014, da abin ya cika shekara 100, aka kafa mutum-mutumin Reuben Crewe da ɗansa a bakin teku a Elliston, tare da bango mai ɗauke da sunayen mamatan jiragen biyu. Abram Kean kuwa bai taɓa amsa cewa ya yi kuskure ba. Ya ci gaba da fita farauta fiye da shekara 20 bayan haka, a 1934 jimillar sil da jiragensa suka kamo ta haura miliyan ɗaya, aka yi masa biki a St. John's, masarautar Birtaniya ta ba shi lambar girma ta OBE. Ya rasu a 1945.